Ranar Yanka Littafin Tsuntsaye

Ko furannin da aka ɗora a kan kabarin Roelof ba su gama yaushi ba, ƙaninsa Tjerk ya bugo wa Hiske, matar marigayin, waya wai suna nan tafe ranar Asabar da hantsi, shi da Okke, a kan maganar littafi. Ta kife wayar. Wato mutum ya binne yayansa uwa ɗaya uba ɗaya, ya sha kofin makoki, ya ci kek har da neman ƙari, ashe tun a bakin kabari takarda ce a ransa! Kai, wasu mutanen dai ba su da ta-ido.

Littafin kuwa, duk mai tara tsofaffin zanen tsuntsaye daga Harlingen har Groningen ya san da zamansa. Ƙato ne, sai an rungume shi da hannu biyu, marfinsa na fata, kuma ya haura shekara ɗari biyu a duniya. Kowane tsuntsu a cikinsa an sassaƙa shi ne a faifan jan ƙarfe aka buga a takarda, sannan wani bawan Allah ya zauna ya shafa masa launi da hannu, gashi bayan gashi. Su uku suka haɗa kuɗi suka saye shi a gwanjo tun ana kashe tsohon kuɗin nan, gulden: Roelof mijin Hiske, malamin makaranta, da Tjerk mai shagon yin firam ɗin hotuna, da abokinsu Okke mai kantin magani. Ba kuma don su karanta suka saya ba. Al'adar masu wannan harka ce a haɗa hannu a sayi littafi, a warware ɗinkinsa, a yanke zanen falle-falle, a ja ƙuri'a da tsinken ashana. Wanda ya ja dogo shi zai fara zaɓa, a yi ta zagayawa har tsuntsaye su ƙare. Shafukan rubutu kuma a watsa su a kwandon shara.

To, a gidan Roelof aka ajiye littafin kafin ranar yanka, ranar kuwa ba ta taɓa zuwa ba. Ya buɗe shi sau ɗaya ya ce a bari sai baɗi. Baɗi ta zo ya ce sai wata baɗin. Daga baya ma ya daina ɓoye-ɓoye, ya ce littafin da ya tsallake yaƙi da ambaliya da ɓeraye ba zai mutu a hannun tsofaffi uku masu ƙaiƙayin hannu ba. Masu yanka littafi kuma ya raɗa musu suna mahauta, a gidan giya yake faɗa, a ƙofar coci yake faɗa. In Tjerk ya ce masa, "To kai bangon gidanka da ya cika da zane, ba a wajen mahautan ka saya ba?" sai ya ce, "Abin da aka riga aka yanka ai ba ya tashi. Amma hannuna ba zai riƙe wuƙa ba."

Gaskiya dai Hiske ba ta ƙaunaci littafin nan ba lokacin da mijinta ke raye. Duk Lahadi da rana sai ya ja labule don kada hasken rana ya ci launi, ya wanke hannu, ya zauna shi da tsuntsayensa, ita kuwa ko oho. Ba ya barin kowa ya juya shafi, ko ita. Amma yanzu mutumin ya tafi, kuma abu ɗaya da ya tsaya a kai da ƙafa biyu duk rayuwarsa shi ne kada a yanka littafin nan. Ta rantse a ranta sai dai a fara yanka ta.

Asabar da hantsi sai ga su. Tjerk ne a gaba, da naɗaɗɗiyar fatar da yake jera wuƙaƙensa a ciki da doguwar rula ta ƙarfe a hammata. Okke na biye da shi riƙe da kwalin kek mai lemo, yana tafiya kamar wanda aka aiko dole.

"Matar yaya, an tashi lafiya?" in ji Tjerk. "Wannan fuska haka, ai sai madara ta tsinke."

"Goge ƙafarka," in ji Hiske. "Kuma wannan tarkacen ka bar shi a bakin ƙofa. Nan ba mahauta ba ce."

Bai bar shi ba. Ya shige falo ya shimfiɗa fatar a kan teburin cin abinci, kusa da littafin, wuƙaƙe suna ta ƙyalli. Okke ya ajiye kek, ya laluba aljihu ya fito da kwalin ashana, sannan ya ga idon Hiske ya yi maza ya mayar.

"Hiske, ki yi haƙuri," in ji Okke. "Wallahi ba don mugunta ba ne. Kin ga shekaru sun ja, idona ma ya fara hazo. Ina so in ga mujiyar nan ta cikin littafin a bangona kafin a rufe ni."

"Mujiya ai kullum kana ganinta a madubi, Okke. Zauna."

Ta zuba musu kofi don kada a ce ba ta da tarbiyya, amma ta dangwarar da kofin Tjerk har ya fantsama a faranti. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce magana ba ta da tsawo: kashi biyu cikin uku nasu ne, sun yi haƙuri fiye da shekara ashirin saboda girman yaya, yanzu yaya ya kwanta dama. Ita za ta ja tsinke a madadinsa, in ta ja dogo ta fara zaɓa, ba wanda zai cuce ta.

"Ka ji bakinka kuwa?" ta ce. "Ɗan'uwanka ko sanyi bai gama yi a ƙasa ba!"

"Ai da ransa ma na nema, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba."

"Ya hana ka."

"Ya hana ni da baki. Hakkina dai yana nan."

Haushi ya turnuƙe ta har ta ji kunnuwanta suna zafi, domin ta san gaskiya ya faɗa, kuma ba abin da ya kai gaskiyar maƙiyi ciwo. Kuɗin da za ta fanshi kasonsu ba ta da shi, su ma sun sani. Amma ta kwana biyu tana saƙa da warwara, ba da hannu wofi ta tare su ba. Ta miƙe ta nuna bango.

"Ku duba. Shamuwa, shaho, alhudahuda, dinya, duk abin da Roelof ya tara tun yana saurayi. Na falo, na matakala, na ɗakin karatu. Ku kwashe duka ku raba, ku bar mini littafin yadda yake."

Okke ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya tashi ya bi bango yana leƙawa, bakinsa a sake kamar yaro a kantin alewa. Ya daɗe yana maitar alhudahudan nan, kowa ya sani. "Tjerk," ya ce, "wannan fa ya fi rabonmu. Wallahi ya fi."

Tjerk bai ko ɗaga kai ba. Ya yanki kek, ya tauna a hankali, ya share gashin baki. "Duka kika ce?"

"Kurma ne kai?"

"To har da na ɗakin kwana."

 Zane ɗaya ne a ɗakin kwana, zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya a cikin ruwa, da ɗan kifi a baki. Wannan ba ya cikin tarin Roelof, nata ne. Shi ya ba ta shekarar da ta cika hamsin, ya ce a wani ɗan shago ya tsinto shi a Antwerp, ya kafa ƙusa da kansa daidai inda za ta fara gani in ta buɗe ido da safe.

"Wannan kyauta ce aka yi mini," ta ce.

"To a yi ƙuri'a. Okke, fito da ashana."

"Haba Tjerk, ka ji tsoron Allah," in ji Okke. "Bar mata guda ɗaya mana."

"Ita ta ce duka. Ni ban roƙe ta ba."

Hiske ta dubi wuƙaƙen, ta dubi littafin. Ta ce a ranta, zalɓe ɗaya a bakin ɗaruruwan tsuntsaye da sunan mijinta, ai ba abin tsayawa ciniki ba ne. Ta miƙa hannu. Tjerk ya tafa shi da ƙarfi irin na 'yan kasuwar shanu, Okke ya ɗora nasa. A wajen mutanen nan kuwa in hannu ya bugi hannu magana ta mutu, ko alƙali ba ya tashinta.

Suka shiga sauke firam. Tjerk na cirewa, Okke na naɗewa da tsofaffin barguna yana kaiwa motar kaya da ke bakin ruwan da ya bi ta ƙofar gidan. Duk inda aka cire zane sai ka ga farin gurbi da ƙusa tsirara, gida ya koma kamar bakin da aka fige wa haƙora. Da Tjerk ya doshi matakala zai hau sama, Hiske ta daka masa tsawa ta ce ƙafarsa ba za ta taka ɗakin yayansa ba. Ita ta hau da kanta ta sauko da zalɓen, ta miƙa masa ba tare da ta kalle shi ba.

Suna waje suna ɗaure kaya ta koma falo ta zauna gaban littafin. Nata ne yanzu, ita kaɗai. Ta goge hannu a siket, ta ɗaga marfin, karo na farko da hannunta ya taɓa juya shafinsa. Takardar na da kauri da ƙamshin tsohuwar fata. Ta wuce tsuntsayen daji, ta wuce masu farauta, launinsu garau kamar jiya aka shafa. Zuciyarta ta ɗan yi sanyi, har ta ce a fili, "Ka gani ko, Roelof? Na tsare maka."

Sai ta iso tsuntsayen ruwa.

Duk wanda ya zauna da masu wannan harka ya san cewa zanen da ya shekara ɗari biyu a rufe yakan bar inuwarsa a shafin da ke fuskantarsa, tawada takan ci takarda a hankali. Ga shafin rubutu a hagu, ga inuwa a kansa ruwan ƙasa-ƙasa: dogon wuya a lanƙwashe, ƙafa ɗaya a ɗage, ɗan kifi a baki. A dama kuwa babu zanen. Sai ɗan siririn gefen takarda da ya rage a jikin ɗinki.

Ba ta buƙaci kowa ya faɗa mata ba. Shekara nawa tana buɗe ido a kan wuyan nan!

Antwerp! Ashe Antwerp ɗin a kan teburin cin abincinta take. Sai ga rigimar shekarar nan ta dawo mata tiryan-tiryan. Wata Lahadi ce ta fusata ta yaye labule, ta ce masa ya kulle kyau a cikin duhu ba mai gani, ita ma ya kulle ta tare da shi, in ta mutu ya sa littafin ya dafa masa dankali. Shi dama ba ya iya faɗa. Bayan 'yan makonni ya zo da zalɓe a naɗe cikin takarda.

Ta rufe littafin da ƙarfin da Roelof bai taɓa yarda a rufe shi ba, ta fita da silifas ɗin ɗaka. Tjerk ya riga ya tada mota, har ya manta wuƙaƙensa a kan tebur. Ta sha gabanta ta daki ƙarfen da tafin hannu, har wani mai keke ya kusa faɗawa ruwa garin kallo.

"Fito! Fito, munafuki!"

Ya kashe mota ya fito, ba gaggawa. Kallo ɗaya ya yi mata ya gane. "Kin kai shafin ke nan."

"Ka sani!"

"Wa kike tsammani ya yi masa firam? Shagona ya kawo shi, yana zufa kamar ɓarawon kaza, wai daga Antwerp. Ni da na ga littafin nan a gwanjo da idona! Ban ce masa komai ba, shi ma bai ce ba."

Okke ya leƙo ta taga. "Me ake ciki ne? Wane shafi?"

"Zalɓen da ke bayanka," in ji Tjerk, "daga littafinmu ya fito. Waliyyin naku ne ya yanke shi."

Okke ya buɗe baki ya kasa rufewa.

"Kuma ka bar ni na tuɓe gidana tsirara a kan littafin da ka san ba cikakke ba ne," in ji Hiske. Muryarta har ta dushe don haushi. "Ka zauna a teburina, ka sha kofina, ka tafa hannuna. Allah wadaran hali irin naka, Tjerk!"

A nan ne shi ma ya fashe, mutumin da tun safe yake magana kamar ruwan sanyi. Fuskarsa ta yi ja har wuya.

"Halina? Shekara da shekaru mijinki yana kirana mahauci a gaban mutane! A bikin 'yata ya faɗa, mutane suna dariya. Abokan ciniki sun bar shagona saboda bakinsa. Ni kuwa ina riƙe da asirinsa a cikina kamar garwashi, ban taɓa furtawa ba, saboda yayana ne. Kin san dalilin baɗi-baɗin nan tasa? Tsoro! Ya san ranar da aka warware ɗinki za a ƙirga tsuntsaye a ga babu ɗaya. Na jira ya zo ya ce mini, Tjerk, na yi abin da nake zagin ka a kai. Kalma ɗaya! Ya mutu bai faɗa ba."

"Ƙarya kake! Tun kafin zalɓen yake hana ku."

"Da farko don littafin ne, na yarda. Daga baya fa? Ke kika kwana da shi, ke za ki faɗa mini."

Maganar ta ƙara tunzura ta. Maƙwabta sun fara ɗaga labule. Matar mai burodi ta fito da tsintsiya tana sharar inda ba datti.

"Ba ni zalɓena," in ji Hiske.

"Hannu ya bugi hannu, matar yaya."

"Tjerk, don girman Allah," in ji Okke, "a mayar mata. Ni na yafe alhudahudan ma."

"Kai yi mana shiru, ba rabonka ba ne." Ya juyo gare ta. "Littafi naki ne, ki je ki yi ta gadinsa. Ba wanda zai ji daga bakina, Okke ma zai kama bakinsa. Sunan mijinki zai zauna fes, mutumin da bai taɓa riƙe wuƙa ba. In kuwa zalɓe kike so, hanya ɗaya ce. Mu sauke miki kayan bangonki, mu tafi da littafin. Zalɓe shi ne rabon Roelof, tunda ya zaɓa ba ƙuri'a. Amma ki sani, in aka yanka, duk mai harkar nan zai tambayi ina zalɓe, ni kuma na gaji da yi masa ƙarya."

Hiske ta tsaya a tsakiyar titi, iskar teku na kaɗa mata gashi, sanyi na shiga silifas. Ta tsani Tjerk a lokacin nan kamar ta shaƙe shi. Amma wanda ta fi jin haushi yana kwance a bayan coci, inda ba a kai masa faɗa. Ya bar ta tana yi masa yaƙi a kan abin da shi da kansa ya riga ya karya. Ya bar ta shekara da shekaru tana cewa bai taɓa fifita ta a kan takarda ba, alhali hujjar tana rataye a gaban gadonta, ya rufe bakinsa ya mutu. Wane irin mutum ne wannan?

Ta juya ta shiga gida. Okke ya yi ajiyar zuciya, a zatonsa an gama. Sai ga ta ta fito rungume da littafin, tana tafiya da ƙyar don nauyi. Ta dangwara shi a ƙirjin Tjerk har ya ja da baya.

"Ungo. Amma ba a gidana ba, ba kuma a gabana ba. Wuƙaƙenka suna kan tebur, ka aiko a ɗauka, kai dai kada in sake ganin ƙafarka a ƙofar nan."

Tjerk ya riƙe littafin. Wanda ya yi shekara ashirin yana jiran ranar nan, ga shi ta zo, fuskarsa kuwa kamar an aiko masa da sammaci. Okke ne ya yi ta jigilar firam yana jerawa a zaure, yana ba da haƙurin da ba mai sauraro. Hiske ta zare zalɓen daga bargo da hannunta, ta haye sama ta bar ƙofa a buɗe.

Ba ta rataye shi ba. Ta kife shi a kan gado, ta ɗauko almakashin ɗinkinta ta ɓanɓare takardar bayan firam, ta tanƙware 'yan ƙusoshin, ta ɗaga kwalin. So take ta ga aikin mahaucin da idonta.

Gefe uku na takardar sumul suke, yadda suka fito daga maɗaba'a. Na huɗun kuwa abin kunya ne. Yankan ya faro daga sama a karkace, ya tsaya, ya sake farawa a gefe, ya kauce har ya kusa cin ƙafar tsuntsun, can ƙasa ma ba yanka ba ne, yagewa ya yi. Ko ɗan koyo ba zai yi wannan ɓarna ba. Hannun da ya riƙe wuƙar nan rawa yake yi tun daga sama har ƙasa, kuma bai fasa ba.

Ta bi gefen da ɗan yatsa a hankali. A ƙasa ta ji motar Tjerk ta tashi da littafin.

"Ko yankan ma ba ka iya ba," ta ce, "wawan tsoho."

Sai kukan da ta ƙi yi a coci, ta ƙi yi a bakin kabari, ya ƙwace mata, ta yi maza ta janye takardar gefe don kada hawaye ya ɓata launi.